Yadda Bari-in-Duba Ya Mayar wa Ƙofa Kukanta

Yana da sunan gaskiya kamar kowa, amma ko matarsa sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuno shi. Bari-in-Duba muke kiransa, don maganar da ta fi saurin fita daga bakinsa ke nan. In ya shiga gidanka ya ji fanka tana ƙara, gaisuwar ma a tsaye za ku ƙarasa ta, shi yana kan kujera hannu a sama. Ranar da aka haifi 'yarsa ta fari, nas ta fito yi masa albishir ta neme shi ta rasa. Can aka gano shi a ƙarƙashin gadon tura marasa lafiya, yana ɗaure wata taya da ta kwance.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran kekunan ɗinki a kamfanin da muke ɗinka kayan 'yan makaranta, ni ina yanka, shi yana gyara. Abu uku ba sa barin aljihunsa: sukudireba, ƙaramar filaya, da 'yar butar mai mai dogon baki. Yau sati uku ke nan da muka rasa shi. Allah ya jiƙansa, ya yi masa rahama. Labaransa suna da yawa, amma wanda ya fi son bayarwa, yana dariya yana share hawaye, shi ne na wata uku da ya yi a ƙasar waje.

Kamfani ne ya sayo sababbin kekuna masu maɓallai da fitilu, aka rasa wanda zai iya da su, sai aka tura shi koyo inda aka ƙera su. Yana da shekara arba'in da shida, bai taɓa hawa jirgi ba. Matarsa ta raka shi har bakin mota tana yi masa kashedi.

"Baban yara, gidan mutane za ka zauna. Don Allah ka riƙe hannunka."

"Haba, Maman yara, sai ka ce wani yaro."

"Yaro ai ana iya tsawata masa."

Kafin jirgi ya sauka ya riga ya ɗaure ɗan teburin cin abincin da ke gabansa, da na maƙwabcinsa.

Gidan da aka sauke shi siririn bene ne a wani layi da duk gidajen suka yi kama da juna, kowanne da akwatin wasiƙa a bakin ƙofa. Mutum biyu ne a ciki. Akwai matar gidan, gajera mai saurin tafiya, tabarau a rataye a wuya, wadda tun ranar farko ya fara kira Inna. Akwai mijinta, dogo mai tsafta, wanda ya yi shekara arba'in yana raba wasiƙu a unguwar kafin ya ajiye aiki. Shi kuma ya zama Baba. Harshen garin, abokina ya koyi ɗan abin da ya samu kafin tafiya, sauran hannu da gira suka cike.

Ɗakin 'yarsu aka ba shi, wadda ta yi aure ta bar gida. Labule mai furanni, gado gajere har ƙafafunsa suna leƙowa, ga wata 'yar tsana a kan kanta da ta zuba masa ido. Kullum kafin ya canza kaya sai ya juya mata fuska bango.

Ba sanyi ne ya dame shi ba, ba kuma abinci ba. Kunya ce. Inna ba ta bari ya wanke ko kofin da ya sha shayi. In ya ɗauki tsintsiya ta ƙwace. In ya ce ya ƙoshi ta ƙara masa miya. Ya ce mini, "Abokina, ka ga ƙato kamata, in ci, in sha, in haye bene in miƙe ƙafa, ban tsinana wa mutane komai ba? Abincin ma a wuya yake tsaya mini."

Ranar Lahadi ta farko 'yarsu ta zo cin abincin rana. Nas ce a babban asibiti, mai magana ɗaya. A kan teburin nan ya gane halin da gidan yake ciki. Baba ya fara mantuwa. Wani lokaci sai ya ɗauka har yanzu yana aiki, ya sa hula ya fice rabon wasiƙu. Sau biyu ya ɓata a bara, na biyun a bakin titin mota aka tsince shi. Nas ta ciro wata takarda daga jaka ta ajiye kusa da farantin uwarta, takardar gidan kula da tsofaffi.

"Mama, na gaya miki. In ya sake fita shi kaɗai, ba shawara zan yi da ke ba. Ko ki riƙa kulle ƙofa, ko in sa hannu."

"Ba zan kulle mijina kamar akuya ba," in ji Inna. "In ya ga ƙofa a kulle kuka yake yi, kin sani. Shekara guda ke nan bai ɓata ba. Ni na san yadda nake tsaron gidana."

Baba yana gefe yana jera wake a bakin faranti, ɗaya bayan ɗaya, kamar gidajen layi. Bari-in-Duba ya dubi tsohuwar nan, zuciyarsa ta karye. A ransa ya yi alkawarin sai ya sauƙaƙa mata rayuwa. Shi kuwa hanya ɗaya ya sani ta sauƙaƙa wa mutum rayuwa.

Ya fara da durowar teburin da ke zaure, wadda ya lura ba ta buɗuwa.

"Inna, bari in duba wannan."

"Bar ta, ɗana. Haka take."

To, a shekarun da ya yi yana gyara, duk wanda ya ce masa "bar shi kawai" nufinsa "don Allah taimaka, kunya nake ji." Don haka ya yi murmushi, ya jira ta tafi kasuwa. Ya tarar wani ɗan katako ne ya maƙale a bayan durowar, ya shige daram kamar da gangan aka sa shi. Ya zare shi ya jefa a shara, ya goga kyandir a gefen katakon. Durowa ta koma buɗuwa da ɗan yatsa. Ya ga tsofaffin ambulan cike a ciki, ɗaure da zare, ya rufe bai taɓa ba, don shi ba mai bincike ba ne.

Sai keken hawa. A rumfar bayan gida ya same shi, baƙi, mai kwando a gaba, tayoyi a sace, sarƙa kuma an cire an rataye a ƙusa. Ya ce a ransa, wane irin sakaci ne wannan? Ya yi niyyar in ya tada shi, shi zai riƙa yi wa Inna cefane a kai. Yamma uku ya yi a rumfar, Baba yana tsaye a kansa yana miƙa masa sifana, fuskar nan tana haske. Da aka juya feda taya ta yi ta gudu ba ƙara, tsohon ya tafa hannu ya ce, "Kai, yaron nan, a wane ofishi kake?"

Amma babbar abokiyar gabarsa ita ce ƙofar gida. Duk wanda ya buɗe ta sai ta yi wani kuka mai tsawo, ta fara ƙasa-ƙasa, ta ɗaga, ta ƙare kamar an taka wutsiyar kyanwa. Har saman bene ana ji. Kukan nan yana shiga masa haƙori. Sau biyu ya ciro butar mai, sau biyu Inna ta ce, "A'a, ɗana, bar ta." Ya ce a ransa, baiwar Allah, kunya za ta kashe ta.

Ranar Asabar ta sati na uku, tana sama tana shanya, ya ɗiga wa kowane hinji, ƙarfen da ƙofar ke juyawa a kai, mai sau uku. Ya buɗe, ya rufe. Shiru. Ya sake buɗewa, ya rufe, har sau goma, don daɗi kawai. Bai faɗa wa kowa ba. So yake ta gano da kanta.

Ta kuwa gano.

Washegari Lahadi da safe, Inna tana kicin tana soya ƙwai, rediyo a kunne. Shi yana sama yana aske gemu. Sai ya ji ta ƙwala kiran mijinta, ta sake, ta sake. Ya sauko da gudu, rabin fuska kumfa. Kujerar Baba babu kowa. Hular aiki ba ta kan ƙusa. Durowa a buɗe, wayam. Inna ta ja ƙofar gida, ƙofa ta buɗe lumui ba ko tari. Ta rufe. Ta sake buɗewa. Sannan ta juyo a hankali ta ɗora tabarau a hanci.

"Wa ya taɓa mini ƙofa?"

Ya ce har a lokacin murmushi yake, yana jiran godiya.

"Ɗigo uku ne kawai, Inna."

"Ɗigo uku! Ɗana, ƙofar nan ita ce mai gadina! Ko ina wanka, in ta yi kuka na san ya fita, in kamo shi kafin ya kai kwana. Shekara guda ina hana ta mai!" Ta nuna durowa. "Wannan fa?"

"Wani katako ne ya…"

"Ni na sa shi! Da guduma na buga shi!" Ta dafe ƙirji. "To da sauƙi, da ƙafa ba zai yi nisa ba. Allah ya so na cire wa keken sarƙa."

Bari-in-Duba ya dubi silifas ɗinsa.

"Ɗana?"

"Inna… har birki na ɗaure."

Ta zauna a kan matattakala. Sha biyu Nas za ta iso, yanzu goma saura. Ya tambaye ta mene ne a durowar. Tsohuwa ta rufe fuska da gefen rigarta ta ce wasiƙun da ta rubuta wa Baba ne lokacin yana nemanta, tana da shekara goma sha tara, ba ta da hankali.

Haka ya fita, da silifas da singileti da rabin gemu. Bai san garin ba, amma bai sha wahalar gano hanya ba. A gida na huɗu wata mata tana tsaye da kare a hannu ɗaya, wasiƙa a ɗaya, bakinta a buɗe. Ta nuna masa hagu ba tare da ta ɗaga ido ba. A kwana, mai burodi ya bar burodi a tanda yana karatu a bakin shago.

"Kai ne baƙon gidan mai wasiƙu? Ya bi ta gada. Tsaya, tsaya! Ka ce wa uwar ɗakinka, ashe haka ta iya zance? Wai gashin bakinsa ya hana ta cin abinci kwana biyu!"

"Ba ni wasiƙar, don Allah."

"Saura shafi ɗaya."

Wanzami ya ce tasa ci gaban ta mai burodi ce, ba zai bayar ba sai sun haɗa. Wata tsohuwa ta leƙo ta taga tana kuka, ta ce ita mijinta ko katin gaisuwa bai taɓa ba ta dalilin rubutawa ba. Duk inda ya tambaya sai a ce, "Yanzun nan ya wuce, kamar iska!" Ya ce a rayuwarsa bai taɓa tsine wa aikin hannunsa ba sai ranar. Yana gudu yana cewa, da ma ban wanke sarƙar nan da kananzir ba, da ma na bar taya ɗaya da ɗan sassauci.

A ƙarshen unguwa ya same shi, a gaban tsohon gidan waya da yanzu ya koma shagon takalma. Baba yana zaune a kan benci, keke a jingine, hula a gwiwa. Kwando babu komai sai ambulan ɗaya. Fuskarsa irin ta mutumin da ya gama aikinsa tsaf, amma idanunsa suna yawo.

"Na gama rabo," ya ce. "Sai dai sun canza ofishin. Ban san inda zan mayar da keke ba."

Abokina ya tsuguna a gabansa yana haki. "Ni ne sabon ma'aikaci, Baba. An aiko ni in raka ka."

"Da wannan fuskar suka ɗauke ka aiki?"

"Ƙarancin ma'aikata ne, Baba."

Suka taho a hankali, shi yana tura keke, tsohon yana riƙe da kafaɗarsa yana gaya masa wane gida ne ke da mugun kare a shekarun da suka wuce. Suna shan kwanar layinsu ya hango motar Nas a ƙofar gida. Ba ita kaɗai ba. Maƙwabta sun yi layi, kowa da ambulan a hannu, suna miƙa wa Inna ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa tana karɓa ba ta kallon idon kowa.

A zaure Nas ta riga ta shimfiɗa takarda a kan tebur, biro a hannu. Bari-in-Duba ya sha gabanta.

"Ƙanwata, ki saurare ni. Inna ba ta yi sakaci ba. Ta tsare gidan nan da ƙofa, da katako, da sarƙar keke, shekara guda bai ɓata ba ko sau ɗaya. Sai da aka kawo mata gwani. Ni ne ɓarnar. Ni ya kamata a kai gidan kula."

"Malam, ba wasa nake yi ba. Da mota ta buge shi fa?"

"Ki ba ni sati ɗaya in mayar da komai yadda na same shi."

"In ka koma ƙasarku kuma?"

Sai ga Baba ya matso, ya gyara hula, ya ciro ambulan ɗin nan da ta rage. Ya dubi 'yarsa sosai, ya kira ta da sunan da yake kiranta tana ƙarama, ya ce, "Auta, ga saƙonki. Ki gaida maigidanki." Wata biyar ke nan rabon da ya gane ta. Ta karɓa. Ta daɗe tana kallon bango. Ranar tsohon ya cinye faranti biyu, ya yi barcin rana har da minshari.

Da za ta tafi ta ce, "Sati ɗaya. In na zo Lahadi ƙofar nan ba ta yi kuka ba, zan sa hannu."

Nan abokina ya gane ɓata abu ma sana'a ce, kuma shi bai iya ta ba. Ya wanke hinji da sabulu. Shiru. Ya zuba ruwan gishiri ya kwana biyu yana jiran tsatsa. Shiru. Ya barbaɗa yashi, ƙofa ta niƙe shi ta ci gaba da buɗuwa kamar hannun riga. Man nasa mai kyau ne, daga gida ya taho da shi. A wurin koyo ya ɗaga hannu ya tambayi malaminsu yadda ake sa ƙarfe ya yi ƙara. Malamin ya bayyana masa yadda ake hanawa. Ya ce a'a, sawa. Malamin ya tambaye shi ko yana samun isasshen barci.

Ranar Alhamis ya cire ƙusar hinjin, ya ɗora ta a kan dutse, ya ɗaga guduma. Ya ce sai da ya nemi gafarar ubangidan da ya koya masa aiki kafin ya buga. Ya lanƙwasa ta kaɗan ya mayar. Ƙofa ta yi wani gurnani.

Inna tana zaune a matattakala, hannu a kunne. "A'a. Wannan ba tawa ba ce. Tawa a hankali take farawa."

Ya cire, ya buga, ya mayar.

"Ta yi kauri. Tawa siririyar murya gare ta."

"Inna, ƙofa ce fa, ba mawaƙiya ba."

"Kai ka kashe ta, kai za ka dawo da ita."

Sai yammacin Asabar, a bugu na ashirin da wani abu, ƙofa ta fara ƙasa-ƙasa, ta ɗaga, ta ƙare da wutsiyar kyanwa. Inna ta miƙe ta rungume shi, kanta bai wuce aljihun rigarsa ba.

Amsar tambayar Nas kuwa, a cikin satin nan ya samo ta. Ya lura ba fitar ce matsala ba, fita shi kaɗai ce. Sai ya sayo ambulan, Inna ta rubuta lambobin gidajen layin a bayansu, ba komai a ciki. Kullum da safe kafin ya tafi koyo, shi da Baba su zaga layi da ƙafa, keke a tsakaninsu, a raba. Da yamma maƙwabta su dawo da su. Mai burodi ya ce in baƙo ya tafi shi zai ɗauki Litinin da Laraba. Wanzami ya ɗauki Talata. Matar nan mai kare ta ce ai dama tana fita da kare. Sharaɗinsu ɗaya, wai a riƙa sako ɗaya daga cikin tsofaffin wasiƙun lokaci-lokaci. Inna ta kore su da tawul.

Lahadi Nas ta zo. Ta tura ƙofa, ƙofa ta kurma ihu har karen tsallaken titi ya amsa. Ta tsaya ta karanta jerin sunayen maƙwabta da aka manna a bango, kowa da ranarsa. Sannan ta ciro takardar gidan kula, ta buɗe durowa, ta ajiye ta a kan wasiƙun uwarta, ta rufe.

"Yayana," ta ce, karo na farko da ta kira shi haka, "mayar da katakon."

Ya fere sabo, ya buga shi da guduma. Ya ce duk aikin da ya yi a duniya babu wanda ya ɗauru kamar wannan.

Baba ya ƙara shekara uku a gidansa, a kan gadonsa ya cika, Inna tana riƙe da hannunsa. Nas ce ta rubuto ta faɗa. Abokina ya dawo da takardar shaidar ƙwarewa, ya jefa ta a akwati, ban taɓa ganin ya nuna wa kowa ba. Bai daina cewa "bari in duba" ba, sai dai ya ƙara wata tambaya kafin ya sa hannu: "Lalacewa ya yi, ko aiki yake yi?" Mutane suna dariya. Amma za ka yi mamakin yawan waɗanda sukan ce, "To, ka dai bar shi."

Akwai wani benci a ƙofar gidana mai gurguwar ƙafa. Kullum bayan an tashi aiki sai ya biyo, ya girgiza shi, ya ce, "Kai, wannan bencin! Bari in duba." Sai ya zauna a kai, a kawo shayi, mu yi ta hira har ya tafi bai duba ba. Shekara goma sha biyar muna haka. Wata rana na ce masa, "Wai kai, gwanin duniya, benci ɗaya ya gagare ka?" Ya kurɓi shayi ya ce, "In na gyara, gobe in ce na zo yin me?"

Jiya surukina ya zo da guduma da ƙusoshi, ya ce bari ya taimaka mini da shi kafin ya kayar da wani. Na ce ya bar shi. Ya ɗauka kunya nake ji, ya tsuguna zai fara. Sai da na riƙe masa hannu.